Gano kusurwar alwatika ta hanyar aljabara

Gano kusurwar alwatika ta hanyar aljabara dabara ce ta lissafi da ake bi don sanin girman kusurwar da ba a bayar ba. Ta dogara ne a kan ƙa'ida ɗaya: idan aka haɗa kusurwoyi uku na cikin kowace alwatika da aka zana a shimfiɗaɗɗen wuri, jimillarsu digiri 180 ce.

Yadda ake yi

Ana sa harafi, galibi x, a madadin abin da ba a sani ba. Sai a haɗa kusurwoyin uku, a daidaita su da 180, a warware.

Misali, idan kusurwoyin su ne 2x + 10, da 3x, da 70:
2x + 10 + 3x + 70 = 180
5x + 80 = 180
5x = 100
x = 20

A nan ɗalibai da yawa kan yi kuskure su tsaya, alhali 20 ba kusurwa ba ce. Sai an mayar da ita gurbin x, a sami digiri 50 da 60 da 70. Haɗa su ya ba da 180, wanda ke tabbatar da amsar.

Idan gefe biyu na alwatika tsawonsu ɗaya, kusurwoyin da ke fuskantarsu ma daidai suke. Kafintan da ya yi ƙwaryar rufin kwano mai digiri 120 a ƙololuwa, lissafinsa shi ne 2x + 120 = 180, wato digiri 30 a kowane gindi.

Tarihi

Hujjar wannan ƙa'ida tana cikin littafin Yuklid na Iskandariya, wanda ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Kalmar aljabara kuwa ta fito ne daga sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Shi da kalmomi yake rubuta lissafinsa. Amfani da x ya yaɗu ne bayan littafin René Descartes na Faransa na 1637.

A makarantu

A Najeriya ana koyar da darasin tun daga ƙaramar sakandare, kuma yana cikin abin da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO.

Iyakar ƙa'idar

Ƙa'idar ba ta aiki a kan abu mai siffar ƙwallo. Babbar alwatika da aka shata a doron duniya, jimillar kusurwoyinta ta wuce digiri 180.