Daga Huhun Goro Zuwa Gwangwanin Maltina: Yadda Abin Karrama Baƙo Ya Sauya a Ƙasar Matamaye

Firjin mai shago a Matamaye ta Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ruwan leda da solani da zoɓon da matan gida ke ɗurawa a robobi. A tsakiya lemun kwalba ne. A sama kuwa ake jera gwangwanayen Maltina da Malta Guinness da Fayrouz da kwalayen Chivita, can bisa kanta kuma ga dogayen kwalaben ruwan inabi mai kumfa, an naɗe musu wuya da takarda mai ruwan zinariya. Masu nazarin kasuwa a Turai sukan ce waɗannan kaya na saman kanta madadin giya ne ga Musulmin da addini ya hana shi sha. Wannan bayani bai kama ƙasar Hausa ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne, tun kafin a san kwalba akwai gurbin abu mai tsada, na halal, wanda ya zo daga nesa, da ake fitarwa don girmama mutum. Kamfanoni sun tarar da gurbin ne, suka zauna a ciki.

Wanda ya fara riƙe wannan gurbi shi ne goro. Ba ya fitowa a ƙasar Hausa. Daga dazukan Asante yake zuwa, ta kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. A ƙarni na 19 fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan yi watanni a hanya da jakuna ƙarƙashin jagorancin madugu, suna kwance huhu a zango suna yayyafa ruwa, suna tsince ruɓaɓɓe don kada ya ɓata sauran. Daga Kano goron ya bi ta Kazaure da Daura ya shiga ƙasar Kance, inda Matamaye take, ya wuce Damagaram. Wahalar hanya ce ta sa shi tsada, tsadar kuma ta ba shi daraja: da shi ake neman aure, da shi ake sanar da suna, da shi ake gaishe da sarki da malami. Har a cikinsa akwai manya da ƙanana, domin farin goro da ɗan Laɓoji na ƙasar Nufe ba na kowa ba ne. Ba wanda ya taɓa cewa mai tauna goro giya yake marmari. Burkutu na nan a ƙauyukan arna, kuma duniyarta daban ce.

Jirgin ƙasa ne ya karya wannan tsada. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa ɗauko goro ta teku zuwa Ikko, daga nan jirgi ya kawo shi arewa cikin kwanaki. Daga baya Yarabawa suka dasa shi a ƙasarsu, ya zama abin da ɗan dako ma ke saye da kuɗin aljihu. Bai fita daga ɗaurin aure ba har yau, amma ya daina nuna arzikin mai bayarwa. A daidai wannan zamani yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan da addini ya riga ya hana ta, Turawan Ingila kuma suka zartar da hanin a Arewacin Najeriya. Kuɗin gyaɗa da suka shigo Kance da Magarya da Matamaye, garin da har masana'antar matse mai aka kafa a cikinsa, sai suka tafi ga sukari da shayi da madarar gwangwani. Bayansu lemun kwalba ya biyo: an kafa Nigerian Bottling Company a 1951, ya fara zuba Coca-Cola a 1953, a Yamai kuma aka kafa Braniger a 1967. Kowane ɗayansu ya yi zamaninsa a gaban babban baƙo, ya yi araha, ya sauko.

Abin da ya hau bayan lemun kwalba daga gidajen giya ya fito. Nigerian Breweries, mai masana'anta a Kaduna tun 1963, ya ga cewa mafi yawan mutanen da ke kewaye da shi ba za su taɓa sayen babbar hajarsa ba, alhali yana da tukwane da gwanintar sarrafa tsiron hatsi. A 1976 ya fito da Maltina, Guinness ya biyo da tasa Malta a 1990, Amstel Malta ta zo a 1994. Da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin suka koma ga dawa, wadda galibinta manoman arewa ke nomawa. Ke nan abin da ke cikin gwangwanin ɗan'uwan kunun zaƙi ne, wanda mata suka daɗe suna yi da tsiro. Matamaye kuwa, da ke kan hanyar Takeita zuwa iyakar Ɗan Barto, ta fi kusa da kasuwannin Daura da Kano nesa ba kusa ba a kan Yamai, kuma duk lokacin da naira ta faɗi a gaban sefa sai kayan Najeriya su ƙara sauƙi. Wannan gogayya na cikin abin da ya raunana Braniger har ya sanar da rufewa a 2019.

Za a iya cewa ai a wasu ƙasashen Musulmi hani ne ya haifi kasuwar, kuma akwai gaskiya a ciki. Saudiyya ta haramta giya a 1952, Barbican ya samu gindin zama a can. A Iran, bayan juyin juya halin 1979, masana'antar giya ta koma yin Delster marar maye. Girman wannan ciniki ne ya sa Heineken ya sayi kamfanin Al Ahram na Masar, mai Fayrouz, a 2002, ya kawo Fayrouz ɗin Najeriya a 2006, Coca-Cola kuma ya amince a 2011 ya biya dala miliyan 980 don kusan rabin harkar lemun kamfanin Aujan, mai Barbican. Sai dai lissafin shekaru bai goyi bayan wannan hujja a ƙasar Hausa ba. Maltina ta girmi shari'ar da Zamfara ta ƙaddamar a 1999 da shekara 23, kuma Nijar ba ta da dokar da ta hana giya, amma maltina na tafiya a Damagaram kamar yadda take tafiya a Kano. Ɗanɗanon ma shaida ne: abin da ya karɓu a nan mai zaƙi ne mai kauri, wanda tsofaffi da masu jego da yara ke so. Giya marar maye mai ɗaci, irin ta Turai, ba ta samu shiga gidajen buki ba.

Ƙorafi na biyu daga malamai yake, kuma ya fi nauyi. Wasu na ƙyamar abin da gidan giya ya yi, domin ribarsa aljihu ɗaya take komawa. Wasu kuma kwalbar inabin nan ce ba su so, da yadda ake girgiza ta a fasa a wurin dina, don kwaikwayon mashaya ne ƙarara. Game da abin da ke ciki, ma'aunin da aka sani a fiƙihu shi ne maye, kuma lemun da ba a bari ya yi tsami ya zama barasa ba bai shiga wannan hukunci ba. Game da siffa kuwa ƙorafin na da tushe, amma yana ƙarfafa hujjarmu ne: ana sayen doguwar kwalba don a gan ta a kan tebur, kamar yadda ake son a ga girman ƙwaryar goron da dangin ango suka kawo.

Na uku, ana iya tambaya ina ƙasar manoma da talauci ya yi wa katutu ta ga kasuwar kayan alfarma. Amsar tana cikin lokutan da ake saye. Magidanci ba ya shan maltina don ƙishirwa. Ruwan randa da fura sun ishe shi. Yana saye ne in zai je dubiya asibiti, in surukai sun zo, in ana walimar saukar karatu ko tarbar alhaji, da kuma cikin kayan shan ruwa da saurayi ke kai wa gidan budurwa da azumi. A irin waɗannan wurare mai ƙaramin ƙarfi ya fi mai kuɗi jin nauyin fita kunya, shi ya sa katan ɗaya ke shiga gidan da ba ya cin nama kullum.

In haka ne, abin da ya kamata ya dami Matamaye shi ne inda kuɗin ke tafiya. Fadamun Korama na fitar da rake, zoɓo na fitowa a gefen kowace gona, tsamiya na nan, aya ta cika jihar Maraɗi, amma duk ɗanye ake sayar da su, a sayo sarrafaffe da tsada. Rufe iyaka na 2019 zuwa 2020, da na 2023 wanda ya zo da yanke wutar lantarki daga Najeriya, sun nuna haɗarin dogaro da hanya ɗaya. Niger-Lait, da Zeinabou Maidah ta kafa a Yamai a 1994, ya tabbatar da cewa kayan gida na iya samun suna in an tsare tsabta da sanyi da kyan mazubi. Tarihin goro da shayi da lemun kwalba ya nuna ba mai dawwama a saman kanta. Samun zoɓon Kance ko kunun ayar Maraɗi a can sama ya rataya ne ga tsayayyar wuta, da jari, da mazubin da mai gida ba zai ji kunyar ajiyewa gaban surukinsa ba.