Limamin da Ya Riga Hubble

Har zuwa farkon ƙarni na 20, mafi yawan masana sun ɗauka cewa sararin samaniya a tsaye yake cak, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Shi kansa Albert Einstein, da ya ga lissafinsa ba ya ba da sarari mai zama wuri ɗaya, sai ya cusa wani adadi a cikinsa a 1917 domin ya tsayar da shi. Yau kuwa littattafan kimiyya sun haɗu a kan cewa sararin yana faɗaɗa, kuma galibi sunan mutum guda suke ambata, wato Edwin Hubble. A ganina, tarihi ya yi rowa a wannan rabo.

Tun daga 1912 Vesto Slipher, a jihar Arizona ta Amurka, ya fara auna hasken gungun taurari masu nisa. Ya tarar da hasken mafi yawansu ya karkata zuwa ja, alamar cewa suna nisantar mu. A wannan shekarar ce kuma Henrietta Leavitt ta bayyana yadda wasu taurari masu ƙaruwa da raguwar haske suke bin ƙa'ida, abin da ya zama ma'aunin nisa. Ga gudu, ga nisa, saura mai haɗa su.

Wanda ya fara haɗa su shi ne Georges Lemaître, limamin cocin Katolika kuma masanin lissafi ɗan Beljiyam. A 1927 ya nuna cewa gwargwadon nisan gungun taurari, gwargwadon saurin gudunsa, domin sararin da ke tsakani ne yake miƙewa. Har ƙiyasin saurin ya yi. Sai dai da Faransanci ya rubuta, a wata mujalla ta Beljiyam wadda masana taurari kaɗan ne suke dubawa. Bayan shekara biyu, a 1929, Hubble ya wallafa tasa hujjar da Ingilishi, bisa awon da ya yi da babban madubin hangen nesa na Dutsen Wilson, duniya ta saurara. Da aka fassara aikin Lemaître a 1931, shi da kansa ya cire sashen ƙiyasin, ganin an samu sabbin alƙaluma. Sai a 2018 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa kiran ƙa'idar da sunayensu su biyu.

Wannan ƙa'ida ce take warware wani abin mamaki. Shekarun sararin samaniya kimanin biliyan 13.8 ne, don haka mutum zai zaci iyakar abin da ake iya hange ba ta wuce tafiyar haske ta waɗannan shekarun ba. Amma yayin da hasken yake kan hanya, sararin bai daina miƙewa ba. Wuraren da hasken mafi daɗewa ya baro suna yanzu a nisan shekarar haske kusan biliyan 46, faɗin duka kuwa wajen biliyan 93.

Ban rage wa Hubble komai ba, awonsa ne ya gamsar da masu shakka. Abin da nake ja a kai shi ne, harshen da aka rubuta gaskiya da shi, da wurin da aka ajiye ta, suna iya jinkirta hakkin mai ita. Lemaître ya rasu a 1966, sunansa bai hau kan ƙa'idar ba sai bayan shekara 52.