Daga Fure zuwa Hayaƙi: Taba da Balagar 'Ya'ya Mata a Kudancin Katsina

A shekarar 1824, Baturen nan Hugh Clapperton ya rubuta cewa ya ga Kanawa suna rina haƙoransu da furen taba. A 1851 kuma Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Katsina, ya tarar da gonakinta a kan hanya. Ke nan taba ta daɗe da zama 'yar gida. Asalinta nahiyar Amurka ce, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta raba kan malamai, har Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawar halatta ta a 1607.

Tsofaffin matan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun san fure a matsayin kayan ado: a goga a haƙori, a bi da goro. Maza kuwa su ƙunsa garin taba da kanwa, ko su sha lofe. Lofe yana son garwashi da zama, galibi a zaure ko gindin bishiya.

Sigari ne ya sauya wannan tsari. Kamfanin British American Tobacco ya fara harka a Nijeriya a 1912, aka kafa Nigerian Tobacco Company a 1951, aka buɗe masana'antar Zariya, maƙwabciyar kudancin Katsina, a 1959. Kara ɗaya da ashana sun isa a aljihu. Da haka hayaƙi ya wuce zaure, ya shiga ɗakin da mai ciki da yara suke kwana. Mata a ƙasar Hausa ba su cika shan sigari ba, amma suna shaƙar na wasu.

An daɗe kafin a gane illar hakan. Richard Doll da Bradford Hill sun danganta shan sigari da sankarar huhu a 1950. Sai a 1981 Takeshi Hirayama ya nuna a Japan cewa matan mashaya, ko da ba su taɓa sha ba, sun fi sauran mata kamuwa da ita. Daga baya masu bincike suka waiwayi balaga. Wani babban nazari a Denmark da aka buga a 2019 ya gano cewa 'ya'yan matan da suka sha sigari suna da ciki kan riga tsaransu balaga da 'yan watanni. Wasu nazarce-nazarcen sun ga irin wannan alaƙa a 'yan matan da suka tashi cikin hayaƙin gida, ko da yake hujjarsu ba ta kai ta farko ƙarfi ba. Nikotin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, kuma ana kyautata zaton sinadaran hayaƙin suna taɓa tsarin da ke kaɗa agogon balaga. Gado da abinci da ƙiba sun fi tasiri, amma hayaƙi ne mafi sauƙin kawarwa.

Wani zai ce mene ne 'yan watanni? A likitance, fara al'ada da wuri yana da alaƙa da ƙarin haɗarin sankarar mama da ciwon suga a gaba. A karkararmu kuwa, gidaje da yawa suna ɗaukar jinin farko a matsayin alamar yarinya ta isa aure. Watannin nan na iya zama tazarar da ke tsakanin kammala aji da barinsa. Ga kuma rashin tsaro da ya tilasta wa iyalai da dama na waɗannan ƙananan hukumomi barin ƙauyukansu, suka cunkushe a ɗaki guda a gari, inda mashayi ɗaya ya ishi kowa hayaƙi.

Hukuma ta yi nata yunƙurin: dokar soja ta 1990, sa'an nan Dokar Taƙaita Taba ta 2015, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sayar da kara ɗai-ɗai. Amma mai tebur bai daina ɓare kwali ba, kuma da wuya masu aiwatar da doka su bi mutum ɗakin kwanansa. Daga zaure zuwa ciki, hukuncin yana hannun maigida. Wanda bai iya bari ba tukuna, to ya riƙa fita waje, kamar yadda kakanninsa masu lofe suke yi.