Jirgi a Sama, 'Yan Bindiga a Ƙasa: Tafkin Kainji da Iyakar Dabarun Tsaron Ƙasashen Yamma

Gabatarwa

A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, suka kora gomman ɗalibai da malamai zuwa daji. Makonni biyar bayan haka rukunin farko na jiragen yaƙi 12 samfurin A-29 Super Tucano, waɗanda Nijeriya ta saya daga Amurka kan kusan dala miliyan 500, ya iso ƙasar. Mazaunin da aka tanadar musu shi ne sansanin sojin sama na Kainji, a kudancin tafkin da ƙasar Yauri ke bakinsa. Duk da wannan maƙwabtaka, ragowar 'yan matan makarantar ba su ga iyayensu ba sai a 2023. Hujjar wannan maƙala ita ce, taimakon tsaro na ƙasashen Yamma ya fi karkata ga abin da ake gani daga sama, alhali makomar tsaro a Yauri da Ngaski da Shanga tana hannun wanda ke iko da mashigar ruwa da kasuwa da ramin zinare.

Darasin Sahel

Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, ta faɗaɗa aikin zuwa rundunar Barkhane a 2014. Ta kashe manyan kwamandojin masu iƙirarin jihadi, amma ƙauyuka suka ci gaba da suɓucewa daga hannun hukuma. Ta fice daga Mali a 2022, daga Burkina Faso da Nijar a 2023. Amurka ma ta bar sansaninta na jirage marasa matuƙa a Agadas a 2024, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023. Kafin nan ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta JNIM ta riga ta gangaro kudu ta gandun dajin W, kuma a Afrilun 2025 ta kashe sojojin Benin 54 a arewacin ƙasar. Daga can zuwa gandun dajin Kainji, ta ƙasar Borgu, tafiyar babur ce. Tun a 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke Holan ta ja hankali kan wannan hanya. Ashe ba ƙarancin makami ne ya kayar da Barkhane ba. Rashin hukumar da talaka zai kai wa ƙara ne.

Ruwa, daji da zinare

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye garuruwa da tsibirai, aka sake tsugunar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa masu noma da su. Tafkin ya raba jihohi, amma bai raba jama'a ba. Wanda ya tsaya a mashigar Zamare ranar kasuwa zai ga kwale-kwalen inji na tsallakawa zuwa Rofia ɗauke da buhunan albasa, kwandunan busasshen kifi, jarkokin fetur da babura a jingine. Fasinja ya biya kuɗinsa ya zauna, ba mai tambayarsa inda ya fito. Hatsarin jirgin ruwa na Mayun 2021 kusa da Wara, inda mutane sama da 100 suka salwanta, ya nuna yadda idon hukuma ya yi nisa da ruwan. Hanyar da ba a san adadin fasinjanta ba, ba za a san adadin bindigar da ta bi ta ba.

Haka batun zinare yake. Ramukan haƙar gargajiya a Yauri da Ngaski suna tara dubban matasa daga nesa da kusa, ciniki kuma hannu da hannu ne. Zinare ba ya buƙatar banki, ana iya tsallaka iyaka da shi a aljihu. Ɗan bindiga kuwa ba ya rayuwa da harsashi kaɗai: yana buƙatar fetur, abinci, katin waya, magani da mai kai masa rahoto. Shi ya sa masu garkuwa ke haɗa kuɗin fansa da sababbin babura. Duk wannan safara a ƙasa take gudana, tsakanin mutanen da jirgi ba zai iya bambance mai laifi da mai neman abinci a cikinsu ba.

Wane ne maƙiyin?

Tsarin Yamma yana son maƙiyi mai suna da tuta da shugaba. Rahotanni a 2021 sun nuna cewa yarjejeniyar sayen jiragen ta taƙaita amfani da su ga yaƙi da 'yan ta'adda, kuma sai a Nuwamban wannan shekara Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta sanya 'yan bindigar daji a wannan sahu. A ƙasa kuwa layin da ke tsakanin ɗan bindigar daji da ɗan ta'adda ya daɗe da gogewa. Dogo Giɗe, wanda aka ɗora wa alhakin harin Birnin Yauri, ɓarawon daji ne da ake dangantawa da masu iƙirarin jihadi. 'Yan ƙungiyar Mahmuda sun yi sansani a gandun Kainji suna karɓar haraji, Lakurawa kuma sun kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Ga manomin Shanga da ya bar gonarsa ta bakin Kogin Neja saboda tsoro, bambancin aƙidar waɗannan ƙungiyoyi ba shi ne damuwarsa ba.

Masu kare ƙarfin sama suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce: jirgi yana tarwatsa ayarin babura, yana ceton sojan da aka yi wa ƙawanya. Sai dai jirgi yana kai hari ne ya koma sansani, ƙauye kuma ya kwana da wanda ya rage. Idan aka yi kuskure irin na Tudun Biri a Disamban 2023, inda jirgi marar matuƙi na sojin Nijeriya ya kashe masu Mauludi sama da 80, amanar da ake buƙata don samun bayanan sirri ita ce ke fara mutuwa. Sace ɗalibai a Maga da Papiri a Nuwamban 2025, ɗaya a gabashin yankin ɗaya a hayin tafkin, ya tabbatar da cewa shekaru huɗu na jirage a Kainji ba su rufe hanyoyin ba.

Kammalawa

Idan ƙawayen Nijeriya na Yamma suna son kuɗinsu ya yi amfani a nan, wurin sa shi a bayyane yake: 'yan sandan ruwa masu jirage da mai, rajistar matuƙa a kowace mashiga, lasisi da kasuwar hukuma ga masu haƙar zinare, da musayar bayanai tsakanin Kebbi da Neja da Kwara da Benin, har da Jamhuriyar Nijar duk da tsamin dangantaka. Masarautar Yauri da hakimai da sarakunan ruwa sun san baƙo a ranar da ya sauka, amma ba za su yi magana ba sai sun tabbata za a kare su gobe. Wannan aiki ne na Nijeriya kafin ya zama na kowa, kuma taimakon waje ba zai wuce ƙarfin hukumar da ya tarar a ƙasa ba.