Masu Sana'ar Hannu na Gaɓar Gulbi, Kafin Bakolori da Bayanta

Duk wanda ya taso yana jin Alhaji Musa Ɗanƙwairo a rediyo ya san yadda kotso ke riga murya isowa kunne. Amonsa na da kauri da zurfi, yana hawa yana sauka kamar mai magana, kafin 'yan amshi su ɗauka. An haifi Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, ya gaji kiɗa wajen mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa yayansa Abdu Kurna Daudun Kiɗi, wato mataimakinsa, a fadar Sarkin Kayan Maradun, daga baya sunansa ya game ƙasar Hausa, ya rasu a 1991. A wannan yanki dai aka yi Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, wanda ya yi fice da waƙoƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, shi ma da kotso. Sunayen waɗannan bayin Allah sun shiga littattafai, ɗalibai sun yi digiri a kan waƙoƙinsu. Mutumin da ya shiga daji ya zaɓi icen kotson, da wanda ya jeme fatar, su kam sunayensu sun tafi tare da su.

Kotso guda ɗaya aikin hannu huɗu ne ko fiye. Masassaƙi ne ke sare gungumen ice, ya rarake cikinsa da gizago, ya tsuke masa ƙugu har ya zama kango mai baki biyu. Maƙeri ne ya ƙera masa gizagon. Majemi ya gyara fata, a ɗinke ta a baki ɗaya kawai, ɗaya bakin a bar shi a buɗe, wanda shi ne ya raba kotso da kalangu. A yanka tsarkiya sirara daga fata a ɗaure ta jere da jere, ita makaɗi ke matsawa ya sassauta don ya juya amo. Daga ƙarshe a liƙa wani baƙin danƙo da ake kira nake a tsakiyar fatar, shi ke ba kotso wannan kaurin murya, kuma da yatsu ake kaɗa shi, ba a sa masa gula. Idan ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya yi ha'inci, kunnen sarki ne zai fara ganewa.

Na fara da kotso ne saboda shi ne kayan hannun wannan ƙasa da ya fi kowane nisan tafiya a kunnuwan jama'a. Amma tarihin sana'o'in Talata Mafara da Bakura da Maradun ya fi fada faɗi, kuma jijiyarsa na cikin gulbi. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya biyo ta Maradun, ya gangara ta ƙasar Mafara da Bakura kafin ya je ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato. A da, kowace damina yakan cika ya fantsama a fadama, ko hwadama kamar yadda bakin Zamfarawa ke faɗi, ya janye ya bar laka da tafkuna. Manomi ya sami shinkafa, ya sami lambun rani. Mai ginin tukwane ta sami yumɓu. Mai saƙar tabarma ya sami kaba, mai zana ya sami gamba, majemi ya tsinci bagaruwa, masunci ya sami kifi, shi kuma ya nemi mai saƙa masa koma da mai noma masa babban gora. Babu sana'ar da ke tsaye ita kaɗai.

Shugabannin jihadi sun san da haka. A cikin Usulus Siyasa, littafin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sa raya masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke kan shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya kuma nemi a rarraba su cikin garuruwa da ƙauyuka. Bello ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, kuma wanda ya zaga tsofaffin garuruwan Zamfara zai ga alamar irin wannan tsari a sunayen unguwanni da sarautu: Maƙera, Marina, Majema, Sarkin Maƙera, Sarkin Ruwa.

Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i manoma ne. Da damina kowa na gona. Sai an kai amfani rumbu, iskar hunturu ta kaɗo, sannan masaƙi ya kafa masaƙarsa a gindin bishiya, mata su ɗauko mazari da alli, a soma haƙar yumɓu a inda ruwa ya janye. Abin da aka yi cikin mako kuma ranar kasuwa yake jira. Sunan Talata Mafara kansa shaida ne: ranar cin kasuwar ce ta manne wa garin har ta zama rabin sunansa, ga shi kuma a kan hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato.

Maƙera ita ce wurin da ya fi cancanta mutum ya ɗan zauna. Rumfa ce gajera, ƙasa duk baƙin gawayi. Yaro na zaune yana zuga, hannun dama ya sauka na hagu ya tashi, zugazugan fatar akuya na numfashi ta bakin bututun yumɓu. Maƙeri na zaune a ƙasa, uwar maƙera a kafe gabansa, ya sa awartaki ya zaro ƙarfe ja wur, ya hau shi da masaba. Manomin da ya kawo galmarsa gyara yana gefe yana jira, suna taɗin ruwan bana. Maƙerin ya san gonar mutumin, ya san ko jigawa ce ko laka, don haka ya san kaurin da zai ba bakin ƙarfen da irin lanƙwasar da za ta dace da ƙotar. A da can kakanninsa tama suke haƙowa su narka da kansu, aiki mai cin gawayi da ƙarfi. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, motoci kuma suka yawaita, sai tsofaffin ƙarafa suka wadata, narkar tama ta mutu a hankali. Ƙira ita ta rayu, domin manomi ba ya rabuwa da lauje da gatari da magirbi.

Jima kuwa ita ta kai kayan wannan ƙasa inda masu yin ta ba su taɓa zuwa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi na da laushi da ƙarko, ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Turawa suna saye a tashoshin Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita. Majemi kan jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, ya karce, ya wanke, ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa har ta jemu, ya shafe ta da mai. Ja daga karan dafi ake samunsa, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau. Daga nan sai hannun baduku: kube, layu, takalmi, gafaka, titimi, kayan doki.

Gaskiya ce a faɗa, wasu sana'o'in sun fara ja da baya tun kafin a yi maganar dam ɗin Bakolori. Zamfara ƙasar auduga ce, kuma tun zamanin Turawa aka karkata audugar zuwa injin gurza da jirgin ƙasa, yadin kanti kuma ya shigo da araha. Macen da ke kwana tana kaɗi ba za ta iya tsere da masaƙar inji ba, ko ta Ingila ko ta Kaduna ko ta nan Gusau. Karofi ya riƙa cikewa da shara ɗaya bayan ɗaya. Langa da tasa suka ture akushi da ƙwarya daga jeren amarya, roba ta zo daga baya ta ƙarasa.

Abin da ya faru a Bakolori daban ne, don shi tushen kayan aikin ya taɓa, kuma cikin 'yan shekaru. A 1969 wani rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar a yi madaidaicin dam a kan Gulbin Sakkwato a wurin. Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin soja ta faɗaɗa shirin, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda ke ƙarƙashin Fiat, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aka soma aiki a tsakiyar shekarun 1970, aka gama ginin a 1978: bango mai tsawon kilomita 5.5, tafki mai faɗin kimanin hekta 8,000 da ke iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Dubban mutanen ƙasar Maradun ruwa ya ci gidajensu da gonakinsu, aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu mai ƙarancin albarka. A ƙasan dam ɗin kuma katafila ta shiga gonakin Mafara da Bakura tana baje ƙasa don a ja magudanai a kafa bututun yayyafi, manoma suka yi shekaru ba su noma ba, itatuwan da kakanni suka bari suka kwanta.

Rigimar da ta biyo baya a kan diyya ce da mayar da gonaki. Shi kuwa lissafin diyya gona yake gani, da gida, da bishiya mai 'ya'ya wadda ke da mai ita. Wannan ne ke ci mini rai duk lokacin da na karanta labarin. Tsohuwar da ta gaji ramin yumɓu daga uwar mijinta ba ta da wata takarda a kansa, na kowa ne, kuma ba kowace laka ke yin tukunya ba. Akwai wadda ke tsagewa a wuta, sanin mai kyau ilimi ne na shekaru da ke ɗaure da wuri guda. Haka kurmin kaba, haka gindin ƙiryar da masassaƙi ya sa wa ido yana jiran ta isa turmi. Idan ruwa ya rufe wurin ko katafila ta baje shi, ilimin ya rasa inda zai tsaya, kuma babu layin da za a rubuta wannan asara a takardar awo.

Manoma sun tare hanyoyi sun tsayar da aiki tun daga 1979. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka harbe mutane, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Adadin da ya fi yawo a rubuce-rubucen masu bincike shi ne 386. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi rubutu mai tsawo a kan wannan arangama. A irin waɗannan ƙauyuka manomi shi ne maƙeri, shi ne masaƙi, shi ne masunci, don haka wutar da ta ci ɗakunan kara ba ta tsallake zugazugi da masaƙa ba.

Mutanen da ke can ƙasa da aikin ma ba su tsira ba. Binciken da William Adams na Jami'ar Kambirij ya yi a farkon shekarun 1980 ya nuna ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, manoma da dama sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, wasu masunta suka tafi neman ruwa wani wuri. Masunci in ya tashi, mai saƙar taru da mai sassaƙar jirgi sun rasa mai saye.

Duk da haka hannu bai zauna ba. Noman rani a yankin aikin ya buɗe wa maƙera kasuwar lauje da fartanya duk shekara, tumatir da barkono suna neman kwando, kuma ga sababbin masu sana'a da kakanninsu ba su sani ba: masu walda, masu gyaran injin ban-ruwa, masu narka tsohon goran ruwa su zuba tukwane da ludayi. Da bututun yayyafin Turawa suka lalace aka rasa kayan gyara, irin waɗannan mutane ne suka riƙa ƙirƙiro dabarar da ta sa ruwa ya ci gaba da isa wasu gonakin, tun kafin shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo gyaran magudanai. Ɗan maƙerin da ya koma walda bai bar gidan ubansa ba, wuta ce dai da ƙarfe. Randa ma ta ƙi mutuwa, saboda inda babu lantarki babu abin da ke sanyaya ruwa kamarta.

Jarabawar da ta fi tsanani ita ce ta wannan zamani. Masassaƙi da mai yankan kaba da mai ƙona gawayi duk daji ne rumbunsu, dajin kuwa ya koma hannun 'yan bindiga. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A Satumba gwamnatin Jihar Zamfara ta Bello Matawalle, shi kansa ɗan Maradun, ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, duk don a toshe wa ɓarayin hanyar samun kaya. Mai shago yana iya buɗe ƙofarsa kowace safiya. Mai tukwane kuwa kwanaki take yi tana gini a kan kifaffiyar tukunya, tana bubbugawa, tana shanyawa, ta tara kara da kashin shanu ta gasa, duk don rana ɗaya tak a mako. A watannin da aka rufe kasuwanni, tukwanen nan a bayan ɗaki suka zauna a jere, an kife su.

Yau a Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai kuma Jami'ar Jihar Zamfara. Tazarar da ke tsakanin azuzuwansu da rumfunan maƙera ba ta kai tafiyar rabin sa'a a babur ba, kuma har yanzu akwai dattawa a Sabuwar Maradun da ƙauyukan Bakura da za su iya nuna wa ɗalibi da yatsa, a saman ruwan tafkin ko a tsakiyar filin shinkafa, daidai inda marina take da inda ake ɗibar yumɓu kafin 1978. Wanda yake saurayi ɗan shekara 20 a wancan lokaci, yanzu yana dab da 70.