Sandar Awon Mai a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtua da Malumfashi, ƙasar auduga da masara da dawa, in dai ya kwana biyu a duniya, lalle ya taɓa ganin tsohon direba da asuba ya kwance murfin tankin motarsa, ya zura wata 'yar sanda har ta taɓa ƙasa, ya zaro ta, ya ɗaga ga haske yana duban inda jiƙa ta tsaya. Samarin yanzu kan ɗauki wannan a kan ƙauyanci, alhali kuwa hikima ce mai asali, wadda ta cancanci a rubuta tarihinta tun masu ita ba su ƙare ba.

A zamanin kakanni man da aka sani na fitila shi ne man gyaɗa da man kaɗe, a zuba a kasko, a murɗa lagwanin auduga, ma'auninsa kuwa ludayi ne da ido. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Funtua, har ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai kananzir da fetur suka yawaita a kantunan Turawa, cikin garwa mai cin galan huɗu, biyu-biyu a akwatin katako. Garwar nan, in ta ƙare, ita masu ga-ruwa ke ratayawa a sanda, mai tebur kuwa ya kasa kananzir ɗin kwalba-kwalba da rabin kwalba saboda masu aci-balbal da fitilar ƙwai.

Auduga ce ta jawo manyan motoci, domin kamfanin BCGA na Ingila ya kafa gidajen gurza a Funtua da Malumfashi, ita Malumfashi kuwa ba ta da jirgi, tilas sai a ɗauko kaya a mota zuwa tasha. Motocin sun zo da allurarsu ta nuna mai, wadda ke aiki da wani ɗan abu mai iyo a cikin tanki. Amma hanyar burji mai gargada da ƙurar hunturu ba su bar ta ta yi tsawon rai ba, sai ka ga allura ta kafe a kan cike alhali tanki ya kusa bushewa. Da haka direbobi suka koma ga sanda, suka kuma yi mata ƙa'ida: a tsiyaye tanki ƙarƙaf, a tsai da mota a wuri mai baje, a riƙa zuba galan ɗaya ana zura sanda ana yi mata tsaga da wuƙa, har tanki ya cika. Abin lura shi ne tsagogin ba su zuwa daidai da juna, saboda gindin tanki a lanƙwashe yake, don haka sandar wannan mota ba ta yi wa waccan shaida. Na san wani dattijo da ke ajiye tasa a bayan kujera, ta yi baƙi ƙirin don tsufa, ba ya kuwa yarda yaron mota ya kore akuya da ita.

Da aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtua a 1975 da taimakon Bankin Duniya, taraktoci suka shigo ƙauyuka, injinan niƙa suka yaɗu, daga baya kuma injinan ban ruwa suka cika fadamu, irin na kewayen madatsar Mairuwa. A wannan zamanin ne lita ta maye gurbin galan a hukumance, durom mai galan 44 ya zama mai lita 200, ko da yake har gobe bakin talaka bai saki galan ba. Mafi yawan ƙananan injinan nan ba su da allura ko kaɗan, sai masu su suka ƙara hisabi a kan sanda: mai niƙa ya san buhu nawa galan ke ci, mai lambu ya san abin da injinsa ke sha daga hantsi zuwa azahar. Dalilin wannan tsantseni kuwa sananne ne, watau injin gas in ya ƙafe sai ya sha iska, ba ya tashi sai an kwance an fitar da ita, ga shi kuma ruwa da datti a gindin tanki suke kwanciya, wanda ya ƙure mai ya zuƙo su. 

Amma babban aikin sandar nan shi ne tsare amana, domin ita ce alƙali tsakanin mai mota da direbansa, da tsakanin direba da ɗan bumburutu mai jarka da mazurari a bakin titi, tun ba lokutan wahalar mai ba, sa'ad da ɗan tiyo ɗaya cikin dare kan cinye ribar tafiya guda. Malamanmu sun daɗe suna jan kunne da Suratul Muɗaffifina a kan tauye mudu, hukuncin kuwa bai bambanta tsakanin tiyar masara da galan na fetur ba.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, manomin da a da kan ce a cika kawai ya koma ƙirga lita kamar yadda yake ƙirga mudu. Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai tsohon direba a unguwarku, je ka roƙe shi ya koya maka tsaga sanda tun yana da rai.