Su a Kogin Kano: Kafin Dam ɗin Tiga da Bayansa

Masu iya magana kan ce, kifi na ganinka mai jar koma. Mu da muka tashi a kudancin Kano mun tarar da wannan karin magana a bakin iyayenmu, amma da wuya ɗalibanmu na yanzu su iya kwatanta mana koma. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan waiwayi tarihin su a yankinmu.

Kogin Kano ya faro ne daga duwatsun da ke kudu, ya ratsa dajin Falgore, sannan ya gangara arewa ya haɗu da Kogin Challawa. A da, kogin na damina ne. Da zarar ruwa ya sauka ya cika ya batse, sai tarwaɗa da kawara su yi ta hawa sama suna shiga ƙoramu da fadamu domin su zuba ƙwai a cikin ciyawa. Idan rani ya yi, sai ruwa ya janye ya bar gurabe, kifi ya taru a ciki. Ba a taɓa babban gurbi sai Sarkin Ruwa ya sa rana. Ranar kuwa gari ke fitowa, wani da koma, wani da homa, wani bisa gora, yara kuma a gefe da fatsa da tana. Wannan doka ita ke ba kifi damar girma.

A shekarun 1940 Turawa suka keɓe dajin da sunan Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka mai da shi gandun namun daji. Amma babban canji ya zo ne a zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da aka gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974. Ruwan da aka tare ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, ya haɗiye gonaki da ƙauyuka da gurabe, har ya taɓo bakin dajin Falgore.

Ba mu musun alherin dam. Shi ya shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ya kuma samar da kamun karfasa rani da damina da jirgi da taru. Sai dai bangonsa ya datse hanyar kifin da ke hawowa, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, kacalla ta toshe magudanai. Su ya tashi daga bikin gari na shekara shekara, ya koma neman kuɗi na kullum.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka akwai kifin da ake kira steelhead, wanda ke girma a teku ya dawo kogi ya yi ƙwai. Masu sha'awa kan kama shi da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro. Dam ɗin Grand Coulee, da aka kammala a 1942, ya raba shi da saman Kogin Kolambiya. A Kogin Elwha kuwa an rushe dam biyu tsakanin 2011 da 2014, kifin ya dawo.

Mu ba mu ce a rushe Tiga ba. Kiranmu ga 'yan'uwa marubuta shi ne, waɗanda suka yi su kafin 1974 yanzu sun tsufa. Mu je Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa mu zauna da su, mu rubuta sunayen gurabe da na kifaye da dokokin ruwa. Ruwa ya riga ya cinye wuraren, kada mu bari kabari ya cinye labarin. Allah ya sa mu dace, amin.